Jana'izar Tobiyas a Chow Kit

Rigima ce ta fara haɗa ni da Mista Kandiya. Na koma shagonsa ne don in gaya masa ya ba ni yagaggiyar takarda.

Lokacin ban daɗe a Kuala Lumpur ba. 'Yata Sakinatu ce ta ɗauko ni bayan rasuwar mahaifiyarta Hussaina, ta ce ba za ta bar ni a gidan Nguru ina hira da agwagi ba. Ita da mijinta suna karatun zama dakta a jami'ar da ke kusa da Pantai Dalam. Da safe su fita, yara su tafi makaranta, a bar ni can saman bene da firji da talabijin da taga. Jikokina kuwa in na yi musu Hausa sai su mayar mini da Turanci, wani lokaci da Malayanci. A tagar nake yini, ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa can ƙasa. Aikina ke nan a dā. Mai tsaron geti ne ni a reluwe, in rufe hanya idan jirgi zai wuce, in buɗe idan ya wuce. Wanda ya yi wannan aikin ya iya jira, ya kuma iya tunanin da ba shi da amfani.

Tun ina yaro, abin da bai yi kama da 'yan uwansa ba shi ke jan hankalina. Na taɓa bin motar kaya har Gashuwa don in ga ɗan maraƙi mai kai biyu. Ina da gwangwani cike da makullan da na tsinta a gefen layin dogo, babu wanda ke buɗe komai a cikinsu, kuma har Malesiya na zo da shi. Hussaina takan ce da a ce tarkace na haihuwa, da ni ne mai gari.

Abin da na fi rasawa a garin nan shi ne dakali. A wajenmu mutum yakan zauna a ƙofar shagon wani tun hantsi har la'asar, bai sayi ko ashana ba, kuma idan bai zo ba a aika a ji ko lafiya. A nan ba a zama sai da dalili. Ko a kantin mamak, inda Indiyawa Musulmi ke sayar da shayi, da ka shanye sai a zo a goge tebur a gabanka, ka gane da kanka.

Wata Talata Sakinatu ta aike ni kasuwar Chow Kit sayen kuɓewa da busasshen kifi, don dai in motsa ƙafa. Bayan layin masu kifi na ga wata matattakala siririya, an jera tsofaffin littattafai a kowane taki. Na bi su har sama. Ɗaki ne mai warin takarda da laima, fanka ɗaya na juyi kamar an tilasta ta. A ƙurya ga wani tsoho baƙi, siriri, gashinsa fari fat, shi ne Mista Kandiya. Kusa da shi akwai gwangwanin biskit a buɗe, cike da wasu takardu da suka yi ja don tsufa, kowace a cikin leda. A fuskar ta saman an zana mutum cikin likkafani yana tsaye a ƙofar wani gida, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa.

Na daɗe ina kallon zanen.

"Ba na sayarwa ba ne, Haji," in ji tsohon da Turanci. "Amma ana aro."

Turancina na ɗan aji huɗu ne, sai abin da na tsinta a bakin direbobin jirgi. Nasa ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma yakan rage masa tsawo saboda ni. Da haka muke magana, da hannu, da 'yan kalmomin Malayanci, irin su lah da suke liƙa wa ƙarshen magana.

Ya ara mini ɗaya. Mako guda na yi ina fama da shafi takwas, da tabarau da ƙamus ɗin jikata. Da na kai ƙarshen shafin ƙarshe, sai na ga magana ta tsaya a tsakiya. An ce wasu ɓarayi sun ɗaga murfin akwatin gawa, sai suka ga, shi ke nan. Ba aya, ba komai. Na juya takardar, na leƙa cikin ledar. Raina ya ɓaci.

"Ka ba ni wadda ta yage," na ce masa. "Ka ga tsoho baƙo, ka ce wannan ba zai gane ba."

Ya yi dariya har da tari. Ya jawo mini kujera.

"Zauna lah, Haji. Ba ta yage ba. Haka aka buga ta."

Ya ce a birnin Landan, fiye da shekara ɗari da suka wuce, ana buga irin waɗannan labaran tsoro duk mako, a sayar kwabo-kwabo ga yara masu aikin masaƙa da 'yan aike. Mai bugawa yana cika shafi takwas ne kawai. Inda takarda ta ƙare, nan labari ya tsaya, ko da mutum ya buɗe baki zai yi magana. Mako na gaba a ɗora daga nan, ba sallama.

Na ce, "Ko mai tallar maganin basir a kasuwa yana ƙarasa maganarsa."

"Shi ya sa ba ka komawa wajensa," in ji shi. "Kai ga ka nan ka dawo."

Takardun na mahaifinsa ne, wanda ya yi akawu a reluwe zamanin Turawa, ya same su a akwatin wani Baturen tasha da ya mutu bai bar magaji ba. Shi ma Mista Kandiya akawun reluwe ne kafin ya yi ritaya. Da ya ji aikina sai ya miƙo mini hannu a karo na biyu. Daga ranar yake ce mini Mai-geti, ni kuma in ce masa Akawu. Ya kafa mini doka: ɗaya a mako, in dawo da ta hannuna in karɓi ta gaba, ranar Talata.

Labarin wani Tobiyas ne, mai kunna fitilun titi. Zazzaɓi ya kashe shi, aka binne shi, ɓarayin gawa suka tono shi za su sayar wa likitoci. A kan gada keken dokinsu ya kife, Tobiyas ya miƙe cikin likkafaninsa, bai san hanyar kabarinsa ba. Sai ya shiga bin gidaje yana ƙwanƙwasawa a hankali. Duk wanda ya buɗe, ko ya suma, ko ya haukace, ko gashinsa ya yi fari nan take. Aka fito da karnuka da bindigogi, aka bi shi ta cikin hazo da lunguna da ramukan ƙarƙashin gari.

Wanda ya rubuta so yake in ji tsoro. Ni tausayi na ji.

"Akawu," na ce, "duk faɗin Landan babu wanda zai ce masa, bawan Allah, daga ina, me kake nema?"

"Matacce ne, Mai-geti."

"To matacce ba baƙo ba ne?"

"Laifinku ne, ku da Turawa. Kuna dasa mutum a ƙasa kamar rogo, dole wata rana ya tsiro. Mu a addininmu ƙonawa muke yi. Ka taɓa jin toka ta ƙwanƙwasa ƙofa?"

"Haba Akawu, wuta tun daga nan? Ka bari mutum ya isa can tukuna a duba lamarinsa."

Haka muke yi. Kafin in iso ya riga ya sayo shayi mai kumfa a leda daga kantin mamak na ƙasa, don in sha ba sai na tambayi komai ba. Matarsa ta rasu, 'yarsa na aure a Johor. A duk zaman da nake yi ban cika ganin mai saye ya hau matattakalar nan ba. Idan aka kira azahar a masallacin bayan kasuwa sai in tashi, shi kuma ya ɗaga mini hannu daga kujerarsa. Na taɓa gaya masa cewa a garinmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai, sai an taka masa, wani har bakin hanya.

"A garinku ba ku da gwiwa irin tawa," in ji shi. "Ga ƙofa can, ba ta ɓata ba."

Mako ya sami kai da ƙafa. Laraba zuwa Lahadi ina karatu, Litinin in wanke rigata in goge, Talata in hau jirgin ƙasa zuwa babbar tasha, in canza zuwa monorel, wannan da ke tafiya a kan doron siminti sama da titi. Sakinatu ta lura na daina barcin rana.

"Baba, wai me ke cikin takardun nan? Kawo sunan in duba maka a intanet, wataƙila a samu duka, ka huta da wahalar hanya."

"Bar shi, Dakta."

"Ban zama ba tukuna, Baba."

"To bar shi har ki zama."

Ban gaya mata ba, amma idan aka ba ni duka rana ɗaya, me zan je yi ranar Talata?

Abin da ke damuna shi ne gwangwanin biskit. Duk wadda na dawo da ita, a wani kwali daban yake sa ta, don haka ina ganin na gwangwanin suna raguwa. Da fari sun kai baki. Aka jima suka koma rabi. Wata rana na hango tsatsar gindin gwangwanin ta gefe. Na san ranar da suka ƙare dalilina ya ƙare, kuma a garin nan ba a zama ba dalili.

Sai na fara ha'inci. In zo in ce ban gama ba, akwai kalmomin da suka gagare ni, a ƙara mini mako. Sai ya karɓa ya karanta mini wurin da ƙarfi, har yana canza murya. Shi ma wata Talatar sai ya ce ya manta tabaransa a gida, ba zai iya gane lamba ta gaba ba, alhali ga tabaran a aljihun rigarsa ina gani. Ban nuna masa ba.

Duk da haka suka ƙare.

A ta ƙarshen, Tobiyas ya kuɓuce wa masu farautarsa, ya isa wani ɗan gida a ƙarshen gari, ruwa na dukansa. Ya ƙwanƙwasa. Wata tsohuwa ta buɗe, ta ɗaga fitila, ta dube shi tun daga kai har ƙafa. Ba ta suma ba. Ta buɗe baki ta ce, sai takarda ta ƙare.

Na kai masa ita, na ajiye a kan tebur. Ya sa ta a kwali. Gwangwanin na nan a buɗe tsakaninmu, babu komai a ciki.

"Sauran sun ɓace ne?" na tambaya.

"Babu saura. Ba a taɓa bugawa ba." Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Idan yara suka daina saye, mai bugawa sai ya tsayar, ya sa marubucin ya kama wani labarin. Na 'yan fashi, ko na jirgin ruwa. Babu mai waiwayar na baya."

"Ka sani tun farko."

"Tun ina ɗan makaranta Tobiyas yake tsaye a ƙofar nan."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Da ka karɓi ta farko?"

Muka sha shayi. Da aka kira salla na tashi, ya ɗaga hannu, bai ce sai Talata ba, ni ma ban ce ba.

Makon nan ya yi mini tsawo. Na koma taga. Sai in ga jirgi ya wuce, hankalina na kan mutumin nan a tsaye cikin ruwan sama, tsohuwa ta buɗe baki, shekara ɗari da wani abu ba ta rufe ba. Na tuna Hussaina. Ita na san inda take, gabas da bishiyar aduwa, na sa fasasshen tulu a wajen kanta. Na tuna ni kaina, da ban san ƙasar da za ta karɓe ni ba. A nan in baƙo ya rasu, wani a binne shi cikin mutanen da bai taɓa gaisawa da su ba, wani a sa shi a akwati a tura ta jirgi tare da kaya.

Ranar Litinin na ga na wanke rigata ban sani ba. Ranar Talata na sa ta, na zauna a bakin gado da takalma a ƙafa har hantsi ya ɗaga. Sannan na fita hannu rabbana.

Yana zaune inda yake zama. A kan tebur akwai ledar shayi biyu. Da ya gan ni sai ya kau da kai, ya shiga gyara wasu littattafai da ba su buƙatar gyara.

"Babu takarda, Mai-geti."

"Na sani. Na zo in gaya maka abin da tsohuwar ta ce."

Ya tsaya da littafi a hannu. "Me ta ce?"

"Ta ce, shigo daga ruwan nan, ka zauna tukuna, magana ba ta yiwuwa a tsaye."

"Baturiya ba za ta faɗi haka ba."

"Wannan ta taɓa zama a Nguru."

Ya jawo mini kujera da ƙafa. Na ba shi labarin yadda ta hura wuta, ta shanya likkafanin, ta ba shi bargon mijinta. Na ce ta tambaye shi sunan unguwarsu, ya ce ya manta komai sai abu ɗaya, wato daga inda yake kwance yana jin ƙarar wani abu duk safiya. Ana fara kiran azahar na ce, "Ta ce masa ƙarar mene ne, shi kuma ya ce," sai na miƙe na ɗauki hulata.

"Ya ce me?"

"Takarda ta ƙare, Akawu."

Ya bugi tebur har shayi ya zube. "Ɗan damfara. Duk masu geti haka kuke, ku tare mutane a hanya ba jirgin da ke zuwa."

Haka muka samu wasu watanni. Ina shirya labarin a taga, in kai masa ranar Talata, in yanke a tsakiya. Yakan yi gardama, ya ce babu rijiya a tsakar gida a Landan, ko ya ce ba a kiwon awaki a can. In ce masa a tawa Landan ɗin akwai. Ƙarar da Tobiyas ke ji ta zama usur ɗin jirgin safe, don haka shi da tsohuwar suka bi layin dogo suna neman maƙabartar da ke kusa da tasha.

Amma akwai abin da ke ci mini rai. A wajenmu ba a ajiye gawa. Wanda ya rasu da safe, kafin rana ta karkata an kai shi. Ni da bakina na sha tsawata wa masu cewa a jira wane ya iso daga Kaduna. Ga shi yanzu duk lokacin da Tobiyas ya hango katangar maƙabarta sai in aiko da ambaliya, ko karnuka, ko in sa gada ta karye. Na zargi mutanen Landan da rashin imani, ni kuma na riƙe bawan Allah a titi saboda shayi da kujera. Na san tatsuniya ce. Duk da haka wani lokaci in na idar da salla sai in ji nauyinsa, kamar na bar wani a tsaye a zaure.

Wata Talata na tarar an ɗaure littattafai da igiya, dami-dami. Fankar ma an kwance ta. Ya ce an sayar da ginin, za a rushe. 'Yarsa za ta zo ta tafi da shi Johor, ta ce gwiwarsa ba ta matattakala ba ce kuma.

"Talata mai zuwa ita ce ta ƙarshe," in ji shi. "Ka binne shi, Haji. Ba na so in tafi in bar shi a hanya."

"Ba ƙonawa ba?"

"Mutuminka ne. Yi masa irin naku."

Ranar ƙarshe kujeru biyu kawai suka rage a ɗakin, da kwali a madadin tebur. Na kai Tobiyas maƙabartar tasha da hantsi, rana ta fito, ba hazo. Ya gane raminsa, yana nan a buɗe yadda ɓarayi suka bar shi, ciyawa ta tsiro a baki. Ya kwanta a gefe, ya rufe ido. Salla kam ban yi masa ba, ba addininmu ɗaya ba, amma wanka da sutura da rami haƙƙin kowane ɗan Adam ne. Tsohuwar ta ɗinka sabon likkafani, ta tsaya a bakin ƙofa, don mata ba sa shiga.

"To wa zai sa shi a ramin?" in ji Mista Kandiya.

"Akwai mutum biyu a tashar. Mai geti da akawu."

"Akawun ba shi da gwiwa."

"Ya kama wajen ƙafa, ya fi sauƙi."

Ya gyaɗa kai. "Boleh," ya ce, wato zai iya.

Muka saukar da shi a hankali. Muka jera itace, muka toshe kafofi da ganye da ɗanyen laka don kada ƙasa ta taɓa fuskarsa, muka mayar da ƙasa, muka yayyafa ruwa. Mai geti ya sa fasasshen tulu a wajen kai. Jirgin safe ya wuce ya yi usur, Tobiyas bai motsa ba. Na kai maganar har ƙarshenta, na rufe baki.

Ba a kira azahar ba tukuna. Muka zauna muna jin hayaniyar masu kifi daga ƙasa. Can ya buɗe kwalin, ya zaro ta ƙarshen nan mai tsohuwa da fitila, ya miƙo mini.

"Ba aro ba," ya ce.

Da na tashi sai shi ma ya tashi, ya ɗauki sandarsa. Na ce ya zauna, ya ce in yi masa shiru. Taki ɗaya-ɗaya ya sauko, yana riƙe da bango, yana zagin gwiwarsa da yarensu. Muka ratsa layin masu kifi, da masu kayan miya, da masu sayar da jakunkuna, har gindin matattakalar monorel. Nan ya tsaya yana haki.

"Nan ne bakin hanya?"

"Nan ne. Ka ma wuce."

Ya ba ni hannu. Da jirgin ya tashi na leƙa ta gilashi, na hango farin kansa a cikin mutane, bai juya ba tukuna.

Takardar tana cikin gwangwanin makullaina, na naɗe ta da ledarta. Sakinatu ta ce saura shekara ɗaya ta gama mu koma gida, in Allah ya kai mu. Tobiyas bai ƙara tsaya mini a zaure ba, ya kwanta. Ni ne dai har yanzu Litinin ke samuna ina wanke riga, Talata kuma ta iske ni a taga da takalma a ƙafa, ina jiran jirgi ya wuce.